Kafin a gina mana ƙaton sitad, a ina yaran za su yi gudu?

Maganar nan ta daɗe tana cina, shekaranjiya da dare kuma aka sake tayar da ita a fadarmu, shi ya sa na ce bari dai in rubuta kowa ya gani. Wani ƙanenmu ne ya buɗe waya yana nuna mana bidiyon babban filin wasa na Tokyo inda aka yi gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya a 2025, fitilu ko'ina, mutane maƙil har sama, ya ce yaya dubi abin da ake kira ƙasa, mu nan Maradi sai yaushe? Nan take fada ta ɗauka. Wannan ya ce ai ko Katsina da ke nan kusa da mu suna da Karkanda, wancan ya ce Yamai kawai aka sani da komi, wani ya ce in da za a gina mana sitad mai cin mutum 40,000 da pis, wato hanyar gudu, na roba irin na Turai da tuni mun fidda zakaran duniya. Na yi shiru har aka zuba shayi na biyu, don na san abin da zan faɗa ba zai yi musu daɗi ba, kuma wallahi ni ma ina son ganin irin wannan gini a garinmu, ba ƙin ci gaba nike ba. Amma na ce musu ni ban yarda ba, ba shi ne abin da ya kamata mu tsaya muna roƙo ba yanzu.

Ni na yi gudu. Ba labari aka ba ni ba. Lokacin da nike kolej mita 800 da 1500 nike yi, kuma filin da muka koyi gudu a kai fili ne na rairayi da tsakuwa a bayan azuzuwa, babu ko katanga, awaki na ratsawa. Mushenmu na wasanni, Allah ya jiƙan shi, shi ke auna mana pis da hannunshi duk farkon shekara. Zai kafa turke biyu, tsakaninsu mita 84 da 'yan kai, ya ɗaura igiya mai mita 36 da rabi a kowane turke, ɗayanmu ya ja bakin igiyar yana zagayawa yana jan layi da kara, sauran mu bi bayanshi da toka a cikin gwangwanin tumatir muna zubawa. In an gama ka ga zagaye na mita 400 ya fito fes a ƙasa kamar wanda aka zana a takarda. Kafin a fara gudu sai mun yi layi mun tsince tsidau da fasassun kwalabe, don rabinmu ba takalmi, mai takalmin ma na roba ne irin na kasuwa. Kurono ɗaya gare shi a wuya da usur, da wani tsohon kaye da yake rubuta lokacin kowa. Wannan kayen shi ne ya sa muka san cewa gudu aiki ne da ake aunawa, yau ka yi kaza, bayan wata biyu ka rage daƙiƙa uku, sai ka kwana kana murna.

Filin nan yanzu babu shi. An yanka shi fegi-fegi, shaguna ne da gidaje a kai. Ban ga ranar da aka yi shawara da kowa ba, kawai mun wayi gari mun ga an jibge bulo. Kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san ba shi kaɗai ba ne, ka tuna filayen da muka yi balo a kansu muna yara, ka ƙirga nawa suka rage. Gari na faɗaɗa, ana ta fidda sabbin unguwanni, kowa na neman inda zai sa kanshi, wannan gaskiya ne, amma wurin da aka ce an ware don yara shi ake fara ci. To yanzu yaron da ke Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Bagalam in yana son ya yi gudu ina zai nufa? Ku fito bayan sallar asuba ku gani da idonku, a bakin kwalta suke yi, hanyar Ɗan Isa ko ta Tsibiri, manyan motoci na wucewa ta gefensu suna busa musu ƙura, 'yan kabu-kabu na kauce musu da ƙyar. Ɗan yayata yana cikinsu, duk ranar da ya fita uwarshi ba ta da kwanciyar hankali sai ya dawo.

Shi ya sa in an ce mini ƙaton sitad, abin da ke fara zuwa mini a rai shi ne ƙofa. Babban sitad ƙofa gare shi da kwaɗo da mai gadi. Ba a gina shi a tsakiyar unguwa don ba wuri, can bayan gari ake kai shi, yaron da ba shi da kuɗin moto ba zai je kullum ba, in ma ya je za a ce mishi ana kiyaye ciyawa ko ana kiyaye roba, sai da takarda. Kuma ba laifin mai gadin ba ne, abin da aka kashe wa miliyoyi dole a tsare shi. Sai ya zama gini ne na ranar biki, shekara ta zagayo an buɗe shi sau biyar ko shida, sauran kwanakin rana da ƙurar hunturu ne ke amfani da shi.

Mu duba waɗanda suka fi kowa gudu a duniya mana, daga ina suka fito. Iten ta ƙasar Kenya ƙaramin gari ne a kan tudu, filin Kamariny da 'yan gudunsu suka yi shekara da shekaru suna zagayawa na ƙasa ne, jar ƙasa irin wadda muka sani. Eliud Kipchoge da ya yi gudun dogon zango na kilomita 42 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Balin a 2022, a Kaptagat yake zaune da abokan horonshi, a hanyoyin daji suke gudu. Bekoji a Habasha ita ma ƙaramin gari ce ta manoma, amma ita ta fidda Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba, kuma malamin wasanni ɗaya ne na makaranta, Sentayehu Eshetu, ya fara ɗora yawancinsu a hanya. Abebe Bikila ma da ya ci zinare a Rum a 1960 ba takalmi ya yi gudun. Na san wani zai ce ai su tsaunuka gare su, iskarsu daban, jikinsu ya saba, mu kuwa a shimfiɗe muke ga zafi. To na ji. Jamaika fa? Mutanensu ba su kai miliyan 3 ba, jihar Maradi kaɗai ta fi su yawa. Abin da suke da shi gasar makarantun sakandare ce da suke yi duk shekara tun 1910, kowace makaranta na kawo yaranta, tsofaffin ɗalibai na zuwa da tutoci, babban filinsu na Kingston ya cika don kallon yara 'yan makaranta. Usain Bolt da ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009 ta wannan gasa ya biyo. Wato su gasar ce ta cika musu sitad, yara sun yi yawa, sun yi kyau, har mutane suka ga ya cancanci su biya kuɗi su kalla.

Kai mu bar ma ƙasashen waje, ga misali a gidanmu da ya fi duka, kokowa. Wa ya taɓa roƙon mutane su zo kallon takobi, gasar kokowa ta ƙasa? Tun safe filin ke cika, wanda bai samu shiga ba yana manne da rediyo, kasuwa ma sanyi take yi in ana karon ƙarshe. Amma kokowa ba a fili mai benci ta fara ba. A dandali ta fara, bayan an cire amfanin gona, da farin wata da ganga, yaro na ganin yayanshi na kayar da mutum shi ma ya ɗaura walki. Daga ƙauye a je gunduma, daga gunduma a tace na jiha, a fidda mutum 10, jihohi 8 su kawo 80 a nemi takobi. Lokacin da Yakuba Ango Kantu ya ɗauko mana takobin farko a Tawa a 1975, ai ba ginin siminti ne ya yi shi ba, shi ya riga ya zama Kantu tun a dandali, daga baya ne aka gina fili aka sa mishi sunanshi. Mun san wannan hanya, mu muka ƙirƙiro ta, amma da an zo maganar gudu da tsalle sai mu ce a fara daga rufi.

Ban ce masu neman babban fili ba su da hujja ba. Suna da ita, kuma na ji ta a jikina. A watan Fabrairun 2019 da aka kawo mana wasu wasannin kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 nan Maradi, na je, na ga yadda gari ya motsa, masu masauki sun samu, masu kilishi da tsire sun samu, 'yan kabu-kabu ba su zauna ba, yaranmu sun ga 'yan wasan Senegal da Mali ido da ido ba a tele ba. Haka lokacin Maradi Kwalliya a 2015, duk wanda ke nan ya san garin ya canza kama. Kuma ba ƙaramin ciwo ba ne a ce Mena, ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasa, za ta karɓi baƙi amma sai ta tafi wata ƙasa ta ari fili, don hukumar ƙwallon Afirka ta ce namu na Yamai bai cika sharaɗi ba. Wannan abin kunya ne ga ƙasa duka, ni ma ya dame ni. Amma ku lura da abin da wannan labarin ke faɗa mana. Sitad ɗin Janar Seyni Kunce da ke Yamai tun 1989 aka buɗe shi, yana cin mutum wajen 35,000, a nan aka yi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a 2005. Gini ne babba, ba wanda zai raina shi. Matsalar da aka samu ta kula ce da gyara, ba ta girma ba. In ƙasa duka ta sha wuya wajen riƙe guda ɗaya a babban birni, da wane aljihu jiha za ta riƙe irinshi? Ciyawa na son ruwa kullum a garin da famfo ke ɗaukewa, fitilu na son wuta a ƙasar da muka ga abin da ya faru a 2023 da aka yanke mana layin Najeriya, robar pis kuma tana da shekarunta, ranar watan Afrilu da ke wuce 40 ba ta barin ta, in ta fara ɓamɓarewa ba a yi mata faci da siminti, sai an kira kamfani daga waje. Ku tambayi 'yan uwanmu na Najeriya labarin babban filin Surulere na Legas, wanda ya karɓi wasannin Afirka a 1973, yadda aka bar shi ya lalace shekara da shekaru, su da ke da man fetur.

Su kansu masu kuɗin sun fara ja da baya. Birnin Landan ya gina fili mai cin 80,000 don wasannin Olamfik na 2012, da aka watse sai aka rasa yadda za a yi da shi, don gudu kaɗai ba ya cika shi, ƙarshe ƙungiyar ƙwallo ta West Ham aka ba haya bayan an sake kashe maƙudan kuɗi an gyara mata. Hangare da ta karɓi gasar duniya a Budafes a 2023, kujerun sama na wucin gadi ta sa, aka yi gasa da mutum wajen 35,000, da aka gama aka kwance, ya koma ƙasa da rabi. Gasar 2022 a Amurka ma a filin jami'a aka yi ta a Yujin, ba wani ƙaton fili ba. Dalili a bayyane yake, 'yan kallon gudu na taruwa ne kwana tara ko goma a babbar gasa, su kuma 'yan ƙwallo da ke cika fili duk mako ba sa son pis don yana nisanta su da 'yan wasa. To in waɗannan na lissafi kafin su zuba siminti, mu da ke ƙirga jikka-jikka ai mun fi su buƙatar lissafi.

Kuma akwai abin da ba zan iya tsallakewa ba ko da na so. A garin nan ne a watan Nuwamban 2021 wuta ta kama azuzuwan zana, yara ƙanana sama da 20 suka rasu. Duk wanda ke Maradi ranar nan bai manta ba. Ban kawo wannan don in ce kar a kashe ko dala a wasanni ba, a'a, ni mai son wasanni ne har gobe. Na kawo shi ne don in an ce miliyar kaza za a zuba a gini ɗaya, dole mutum ya tuna a wane gari yake, kuma ya tambaya yara nawa ne za su taka wurin da ƙafarsu.

A wasannin Olamfik duka lambobi biyu Nijar ke da su, tagullar Isaka Dabore a dambe a 1972, da azurfar Abdul Razak Alfaga a tekwando a Riyo a 2016. Dukansu ba su buƙaci fili mai cin dubbai ba, ɗaki ne da mai horarwa da naci. A gudu kuma muna da Aminatu Seyni, wadda ta zo ta huɗu a mita 200 a gasar duniya ta 2022, ta huɗu a duniya fa, kuma a shekarar ta ci zinaren Afirka. Duk lokacin da na ga ta a tele sai in tuna wata yarinya da muka yi aji ɗaya, wadda a mita 100 ba namijin da ke kama ta a makarantarmu, mushe da kanshi sai ya sake duba kurono don bai yarda da abin da ya gani ba. Daga aji uku ba a sake ganin ta a fili ba. Iyayenta ba mugaye ba ne, sun ce ba za su bar budurwa tana gudu a fili buɗaɗɗe maza na tsaye suna kallo ba, kuma duk wanda ya san garinmu ya san ba su kaɗai ke da wannan tunani ba. Da akwai wuri mai katanga, da malama mace, da awa biyu da aka ware wa mata zalla, da kayan da suka dace da tarbiyyarmu, na yi imani da an bar ta. Ƙaton sitad ba ya warware wannan, katanga da malama ne ke warware ta, kuma kuɗinsu bai kai na fitila ɗaya ta babban fili ba a ganina. Burkina Faso da ke maƙwabtaka da mu ta samu lambarta ta farko a Olamfik ta hannun Hugues Fabrice Zango a tsalle uku, ya zo ya zama zakaran duniya a 2023. Ramin rairayi ake faɗawa a wannan wasa. Rairayi kuwa in dai shi ne, gulbi ya ba mu har ya yi yawa.

To me nike so? Pis cikakke mai layi 8, kowane layi mita 1.22, da filin ƙwallo a tsakiyarshi, duka bai cika hekta biyu ba. Ina son a ce kowace babbar unguwa a Maradi tana da irin wannan wuri, ko da na jar ƙasa ne da aka daddaɓe, da takardar mallaka a rubuce da sunan jama'a yadda ba mai iya yanka shi gobe, da famfo ɗaya da makewayi da inuwar bedi. Haka a Tasawa da Dakwaro da Mayahi da Madarunfa da Gidan Runji da Agye, don yaran da ke tafiyar kilomita biyar zuwa lakwal a ƙasa kullum can suke, kuma in akwai Kipchogenmu ina kyautata zaton a cikinsu yake, ba a cikin gari ba. Sannan a samu guda ɗaya tak na roba mai kyau a nan babban birnin jiha, wanda aka auna daidai yadda in yaro ya yi lokaci za a karɓa a ko'ina, da benci na mutum dubu uku ko biyar da rumfa, a buɗe shi tun asuba. Wannan ya ishe mu karɓar gasar ƙasa, yaranmu ba sai sun yi tafiyar kilomita sama da 600 zuwa Yamai ba kafin su fara taka roba, har su je suna zamewa don ba su saba ba.

Abin da ya fi ginin ma muhimmanci shi ne gasar makarantu ta dawo da ƙarfinta, mai kalanda da kowa ya sani, ba wadda ake tunawa da ita in wani babba zai zo ba. Yanzu yaro ba ya sanin mita 100 ko jifan dalma sai jarrabawar birbe ta matso, a kwashe su mako biyu a koya musu don maki, an gama an manta. Malaman wasanni suna nan, na san da yawansu, wasu ko kurono ba su da shi sai na waya. A ba su kayan aiki, a ba su ɗan abin mai, a ce duk watan Janairu lokacin sanyi akwai gasar gunduma, Fabrairu ta jiha. Kuma ba sai mun jira gwamnati a komi ba. Garin nan garin 'yan kasuwa ne, alhazanmu na ba 'yan kokowa mota da babur da buhunan shinkafa, Allah ya saka musu, to mutum ɗaya daga cikinsu zai iya ɗaukar nauyin takalma ɗari da kofi da kuɗin motar yara daga ƙauyuka bai ji a jikinshi ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ma tana da matasa dubbai da za su iya zama alƙalai da masu riƙe kurono.

Ƙanen nan namu da ya nuna bidiyo bai gamsu ba, ya ce yaya kai dai ƙaramin buri gare ka, kullum sai a ce mu yi haƙuri da ƙarami. Na ce mishi ba haƙuri nike ba ka ba, so nike ranar da za a gina babban a samu waɗanda za su shiga ciki su yi gudu da sunan Maradi, ba mu zauna a benci muna tafa wa baƙi ba. Mun rabu a kan zai zo ranar Lahadi da safe. Akwai wani fili a bayan unguwarmu da har yanzu ba a kai ga yankawa ba, na riga na yi magana da mai unguwa ya ce ba matsala, na sayi igiya na auna mita 36 da rabi na ƙulla, matan gida sun tara mana toka buhu guda, ɗan yayata ya ce zai zo da abokan gudunshi su goma sha biyu.